Ta kai ɗari da baki, ta kasa miƙo biyar

Malamar Nazare, Tudun Wada:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana malamai. Shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ajin nazare biyu nake riƙe da shi, yara 37, yawancinsu 'yan shekara huɗu zuwa biyar, sai wasu uku 'yan shida da aka kawo a makare. In na ce a ƙirga, ajin gaba ɗaya zai ɗauka, wan, tu, tiri, har ɗari, abin gwanin sha'awa. Ranar Laraba na zuba murafen robar lemo a kan tebur, na kira yarinyar da kullum ita ke jan baki, na ce ta miƙo mini biyar. Ta damƙo cikin hannunta ta ba ni. Goma sha ɗaya ne. Na ce to ƙirga mu gani. Yatsanta na tafiya daban, bakinta na gudu daban, ta tsaya a sha huɗu.

Jikina ya yi sanyi, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Takwas sun iya sosai, har sun gane lambobin a rubuce, kuma su ne ke tayar mini da aji saboda sun ƙosa. Mafi yawa daga uku ko huɗu suke ruɗewa. Akwai shida da ko biyu ba su iya cirewa daidai, cikinsu har da wani yaro da ba ya cika magana. Ni kaɗai ce a ajin, ba mataimakiya. Mai makaranta kuma so yake kafin ƙarshen zango kowa ya rubuta 1 zuwa 100 a littafi. Don Allah ta ina zan kama?

Tsohon Hedimasta, Kawo:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika gwada, da yawa ba sa gwadawa. Abin da yaran nan ke rerawa hadda ce, kamar waƙar gaɗa. Tana da amfani, amma ba ita ce ƙirga ba. Ƙirga ita ce yaro ya taɓa abu ɗaya ya faɗi lamba ɗaya, ya taɓa na gaba ya faɗi ta gaba, in ya gama a tambaye shi nawa ne ya ba da amsa ba tare da ya sake farawa ba. Gane lamba a rubuce kuma wani mataki ne daban, rubuta ta da fensir shi ne na ƙarshe. Mu yanzu daga ƙarshe muke farawa.

Lokacin da na fara koyarwa, kowane ɗan aji ɗaya da gwangwaninsa na duwatsu yake zuwa, da tsinkayen tsintsiya. In sun kai goma a ɗaure da zare, ya zama ƙulli guda. Yaron da ya ɗaure ƙulli da hannunsa, ranar da za ki nuna masa 13 ba zai sha wahala ba, zai ga ƙulli ɗaya ne da tsinke uku. Ki ajiye maganar ɗari. Ki tsaya a biyar har sai ta zauna, sannan goma.

Maman Biyu, Rigasa:
Baba, ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na uwa. Mu fa kuɗi muke biya, kuma kun san yadda ake samun kuɗin yanzu. In yaro ya dawo na buɗe littafi na ga babu komai, malama ta ce wai murafe suka yi ta ƙirgawa, me zan gaya wa babansa? 'Yar maƙwabciyata sa'ar ɗana ce, tana rubuta 1 zuwa 200. Ni kullum da bulala nake zaunar da nawa ya rubuta zuwa 50, yana kuka ina jin zafi a raina, amma ina tsoron a bar shi a baya.

Tsohon Hedimasta, Kawo:
'Yata, don Allah ajiye bulalar nan yau. Yaron da aka daka a kan lamba, tsoron lissafi zai bi shi har sakandare, na ga irinsu ba adadi. Ki yi abu guda da daddare: ki zube cokula a tabarma ki ce ya ba ki huɗu. Gobe ki zo ki gaya mana abin da kika gani.

Mai Horar da Malamai, Malali:
Ina goyon bayan Baba, kuma abin da Malama ta yi ranar Laraba gwaji ne sananne a wajen masu nazarin tunanin yara. Wata mai bincike a Amurka, Karen Wynn, ta yi amfani da shi a farkon shekarun 1990: a ajiye wa yaro tarin abubuwa a ce ya ba da ɗaya, ya ba da biyu, ya ba da uku. Abin da aka gano shi ne yara ba sa fahimtar ma'anar lambobi lokaci guda. Da farko yaro ya san "ɗaya" kawai, duk abin da ya wuce haka damƙa yake yi. Bayan watanni ya san "biyu", sannan "uku". Daga baya ne abin ke buɗe masa, ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya. Tun kafin nan, a 1978, Rochel Gelman da Randy Gallistel sun fayyace ƙa'idojin da ke cikin ƙirga, ciki har da guda biyun da Baba ya faɗa, da kuma cewa ko ta dama ka fara ko ta hagu, yawan ba ya canzawa. Saboda haka yaranki shida ba daƙiƙai ba ne, Malama, suna kan wata matakala ce da kowa ya taka.

Maganar ke kaɗai ce kuwa, abin da nake gaya wa malamai shi ne kada ki shirya darasi uku, ba za ki iya ba. Kaya iri ɗaya, tabarma ɗaya, tambayar ce za ki riƙa canzawa. Kowa da murafensa goma a gabansa. Wannan ki ce ya ba ki biyu. Ta kusa da shi ki ce ta ba ki shida, ta jera su a layi tana turo kowanne gefe in ta ƙirga shi, don turowar nan ita ke hana yatsa da baki rabuwa. Su takwas ɗin nan kuma ki ce, ga bakwai, rufe ido, ki ɓoye wasu a ƙarƙashin kofi, ki tambaya nawa na ɓoye? Wannan ya isa ya riƙe yaro mai kaifi tsawon lokaci, kuma ya shiga tarawa da ɗebewa ke nan ba tare da an ambaci sunansu ba.

Malamin Firamare, Rigasa:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, amma wa ya gaya miki akwai tabarmar? Ajina na firamare ɗaya ya haura yara ɗari. Kafin in zagaya kowa da "ba ni biyu" an tashi. Ni dai abin da ya fisshe ni shi ne raba su rukuni bisa abin da suka iya. Akwai tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da shi, na koyar da yaro daidai matakin da yake ba daidai ajinsa ba, an yi mana bita a kansa, kuma na ga amfaninsa da idona. Ka gwada yara, ka raba su, kowane rukuni da aikinsa.

Tsohon Hedimasta, Kawo:
Malam, ban ƙi ba, amma tsarin nan da ka ambata an fi yin sa ga yaran da suka ɗan tasa, 'yan aji uku zuwa sama waɗanda aka bari a baya. Ɗan shekara huɗu fa? Na taɓa gadar wani aji da ake da "layin masu ƙoƙari" da "layin baya". Yaran layin baya har a filin wasa da sunan ake kiransu. Wani uba ya zo ya cire ɗansa ya kai shi gareji saboda yaron ya ce shi ba ya ganewa, alhali shekararsa bakwai. Har yau abin yana damuna.

Malamin Firamare, Rigasa:
Baba, wannan ai laifin wanda ya mayar da rukuni gidan zama ne. Ni duk mako biyu nake sake gwaji, yara suna tashi daga wannan zuwa wancan. Sunayen ma mangwaro, gwaiba, lemo ne, ba na ɗaya da na uku ba.

Tsohon Hedimasta, Kawo:
Yara sun san wane ne mangwaro, Malam. Amma in dai ana sauyawa, kuma ba duk yini ba ne, na sassauta.

Mai Horar da Malamai, Malali:
A aji 37 ina ganin za a iya haɗa biyun. Minti goma na farko kowa tare, minti goma sha biyar a rabu, Malama ta zauna da shidan nan ita da kanta. Abu ɗaya zan roƙa: kada a mayar da masu ƙoƙarin ƙananan malamai kullum. Sau ɗaya ko biyu a mako babu laifi, yaro yana ƙaruwa in ya bayyana wa wani. Amma su ma iyayensu karatu suka kawo su.

Abban Yara, Barnawa:
Ni wata tambaya gare ni. Na lura Malama ta ce "miƙo mini biyar", alhali yaran da Turanci suke rera lambobin. Anya ba nan matsalar take ba? Wataƙila yarinyar "faif" ta sani. Kuma ni ra'ayina a tsaya a Turancin. A ajin 'yata akwai Bajju, akwai Gbagyi, akwai Yarabawa da Ibo, Turanci ne ya haɗa su, jarrabawa ma da shi za su yi.

Malamar Nazare, Tudun Wada:
Yaya, na gwada da duka biyun, damƙar dai ta yi. Amma ka tuna mini wani abu: cikin shidan nan, biyu da na ce "tu" suka tsaya kallona, da na ce "biyu" suka miƙo daidai. Ajina kusan kowa Hausa yake ji a gida.

Mai Horar da Malamai, Malali:
To kin gani. Barnawa daban, Tudun Wada daban, kowa ya duba ajinsa. Amma inda yara ke jin Hausa, asara ce a bar ta. Ku saurari "goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha uku". Harshen da kansa yana gaya wa yaro cewa goma ce aka ƙara mata wani abu. Turanci a 11 da 12 ba ya nuna komai, sunaye ne kawai da za a haddace, sannan 13 da 30, 14 da 40, a kunnen yaro kusan sauti ɗaya ne. Inda tamu take da wuya shi ne daga ashirin, domin ashirin, talatin, arba'in har casa'in daga Larabci muka aro su, yaro ba zai ji "biyu" a cikin "ashirin" ba. A nan ƙullin Baba zai yi aiki: ƙulli biyu, sunansa ashirin. In ma'anar ta zauna da Hausa, ɗora sunan Turanci a kai ba ya ɗaukar lokaci.

Hajiya Kaka, Unguwar Sarki:
Jikata ce ke rubuta mini. Mu da muna yara a wajen tsofaffi mun ji "gomiya biyu", "gomiya uku", ga shi kuwa a fili. Sha tara ma "ashirin ba ɗaya" muke cewa. Ni ban yi boko ba, amma babu wadda ta taɓa cuta ta a kuɗin adashi. A carafke muka koya, ki wurga dutse sama ki kwashe ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, in kika kwashi ba daidai ba kin faɗi, ƙawayenki ba za su yafe miki ba. Yanzu an bar yara da waya. Malama, ki zana musu 'yar gala-gala a tsakar makaranta, ki rubuta lamba a kowane ɗaki, mai tsalle ya faɗi inda ya dira. Iyaye kuma in an sayo ƙosai a ba yaro ya raba, kowa uku-uku. Ba zai yi kuskure sau biyu ba, don rabonsa ne zai ragu.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sanusi:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma kullum ina karo da shi. Yaran nan da safe suna boko, da yamma suna wajenmu, kuma lambobin da ke cikin Alƙur'ani da littattafanmu siffarsu daban. Biyar ɗin Larabci (٥) da'ira ce, kamar sifilin boko. Sifilin Larabci ɗigo ne kawai. Shida (٦) kamar 7 take. Huɗu (٤) kamar 3 ce da aka juya. Bakwai da takwas (٧ da ٨) abu ɗaya ne, ɗaya ta buɗe sama ɗaya ta kife. Yaro ya ga 7 a allon boko ya ce shida, a ce ba ya ganewa, alhali abin da muka koya masa jiya ya faɗa. Ni yanzu 'yan rauda, wato ƙananan yaran ajin farko, ba na matsa musu da lambobin a rubuce. Da baki da yatsu muke yi: Asuba raka'a biyu, Magariba uku, Azahar huɗu, wanke hannu a alwala sau uku. In sun ɗan girma sai in rubuta siffofin biyu gefe da gefe, da ɗigo-ɗigo a ƙasa, in gaya musu lamba ɗaya ce da riga biyu.

Malamar Nazare, Tudun Wada:
Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi akwai yarinyar da kullum 3 ɗinta a juye take, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Mai Horar da Malamai, Malali:
Zai iya zama hakan, amma ki sani juya lamba abu ne da yara ke yi ko'ina a duniya a wannan shekarun, har wajen shekara bakwai, ko ba su taɓa ganin Larabci ba. Kada ki ja mata jan biro. Ki zuba yashi a faranti ta rubuta da yatsa, babba-babba, kina faɗa mata inda za ta fara. Maria Montessori, likitar nan ta Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907, lambobi masu kaushi ta yi wa yara su shafa da yatsa kafin su riƙe fensir. Ke ma da kwali da gam da yashi za ki yi naki. Kuma kowace lamba ki haɗa ta da yawanta, katin 4 a ɗora masa murfi huɗu. In ba haka ba zane kawai yaro ya haddace.

Nas, Badarawa:
Ina bin muhawarar tun farko, bari in faɗi nawa ɓangaren. Don Allah kada a ba 'yan nazare wake, masara, 'ya'yan tsamiya ko ƙananan duwatsu. Yaran da ake kawo mana da ƙwayar wake a hanci ko a kunne suna da yawa, wake kuma in ya jiƙa kumbura yake yi. Murfin roba, ƙwallon goruba, guntun kara, abin da ba zai shiga hanci ba. Murfin ƙarfe yana yanka.

Sai yaron da ba ya magana. Malama, ki tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakinki, ki kira sunansa a hankali. Ki tambayi mahaifiyarsa ko kunnensa na zubar da ruwa, ko ya taɓa doguwar jinya. Yaron da ba ya ji sosai zai bi ajin da motsa baki, a ɗauka yana ƙirga. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan, Cibiyar Ido ta Ƙasa ma tana nan. Ba na cewa ciwo gare shi, amma a duba kafin a yanke masa hukunci. Ki kuma lura da wanda ke zuwa ba karin kumallo, da masu sikila da ke yawan fashi.

Maman Biyu, Rigasa:
Baba, na yi abin da kuka ce. Na ce ya ba ni cokali huɗu, ya kwaso duka. Na ce uku, ya ba ni uku daidai. Yaron da ke rubuta har 50. Na rasa abin faɗi, sai da na yi hawaye don na tuna dukan da ya sha. Abin mamaki, da na nuna masa naira ashirin ya ce murtala ce, ya san ta fi naira goma, amma da na rubuta 20 a takarda bai gane ba.

Tsohon Hedimasta, Kawo:
Launi da hoto ya sani, kamar yadda 'yan talla ke sanin canji tun ba su san alƙalami ba. Kada ki damu, ya san uku, to gobe huɗu za ku yi. Ki gaya wa babansa ya zauna ya gani da idonsa. Minti biyar kullum ya isa, a kan takalman ƙofar ɗaki, a kan awara, a kan matakala.

Abban Yara, Barnawa:
Na gwada tawa ita ma, ta ba ni takwas daidai, da Turanci. Amma da na baza murafen suka yi tsawo, sai ta ce sun ƙaru. Ni dai har yanzu ina kan Turancina a ajinsu, sai dai na yarda littafi ba ya nuna komai.

Mai Horar da Malamai, Malali:
Wannan na bazawar shi ne gwajin Jean Piaget na ƙasar Suwizalan, kuma yawancin yara kafin shekara shida zuwa bakwai haka suke amsawa. Ka ce ta sake ƙirgawa a baje da kuma a tare, ka bar ta ta yi mamaki da kanta.

Malamar Nazare, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan mako biyu. Na kira mai makaranta ajin, na ce ya zaɓi yaro da kansa ya ce ya ba shi shida. Ya zaɓi uku, ɗaya ne ya iya. Bai janye maganar rubutu gaba ɗaya ba, saboda iyaye, amma mun tsaya a 1 zuwa 20, kuma ya yarda in kira iyaye ranar Asabar in nuna musu gwajin. Cikin shidan nan huɗu suna ba da uku daidai yanzu. Yarinyar da ta jawo maganar ta kai bakwai in tana turo murafen gefe, in ta yi sauri kuma ta koma gidan jiya. Yaron nan na kira shi ta baya sau uku bai waiwayo ba, mahaifiyarsa ta ce kunnensa na hagu ya daɗe yana ruwa, za su je asibiti ranar Litinin. Na dawo da shi gaba kusa da ni.

Matsalata yanzu murafe. Yara 37, goma-goma, 370 ke nan, ina da kamar 150, kuma kullum sai wasu sun bi aljihu zuwa gida.

Mai Shagon Lemo, Kasuwar Barci:
Malama, ban iya koyarwa ba amma murafe kam akwai. Zan sa yarona ya tara miki na roba zalla. Ki turo a karɓa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

Nas, Badarawa:
Ki jiƙa su a ruwan omo, ki ɗauraye, ki shanya a rana kafin ki ba su. Kuma ki gaya mana yadda aka yi a asibitin ranar Litinin.